Nauyin Dabba da Nauyin Dutse: Bayanin Danƙaruwa da Matsalar Sunanta a Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi Bahaushe, "Da giwa da dutse wanne ya fi nauyi?" da wuya ya amsa kai tsaye. Abin da zai fara cewa shi ne, "Wane dutsen?" domin akwai tsakuwar da yaro ke harbin tsuntsu da ita, akwai kuma dutsen da ake gina gari a gindinsa. Amma idan aka sauya tambayar aka ce, "Da nama da dutse wanne ya fi nauyi?" ba zai yi wata-wata ba, zai ce dutse, kuma ba zai nemi a faɗa masa girman naman ko girman dutsen ba. Kalmar "nauyi" ɗaya ce a tambayoyin biyu, amma abin da ake aunawa ya bambanta. A ta farko ana maganar nauyin wani abu guda ne sukutum. A ta biyu kuwa ana maganar wata siffa ce ta jinsin abin, wadda ba ta sauyawa ko ƙarami ne ko babba.

A hira ta yau da kullum wannan harshen damo ba ya kawo cikas, domin muhallin magana yana warware shi. Inda yake zama matsala shi ne a aji da kuma a teburin mai fassara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, kuma tun kafin nan, a 1970, shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife ya gwada koyar da kimiyya da lissafi da Yarbanci. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san cewa darasi yakan tsaya cik a inda harshe ya haɗe ma'anoni biyu da kimiyya ta raba. Malamin da ya ce wa ɗalibi dutse yana nutsewa a ruwa "saboda yana da nauyi" ba shi da amsar da zai bayar in ɗalibin ya tambaye shi dalilin da ya sa giwa ke iyo, alhali tsakuwa tana nutsewa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan siffa ta biyu ta hanyar kwatanta jikin dabbobi da duwatsu, sannan ta duba kalmomin da Hausa take da su a wannan fage, ta ba da shawarar wadda ta fi dacewa. Kafin a kai ga hujjojin zaɓin, za a riƙa kiran siffar da sunan "danƙaruwa".

2.0 Ma'anar Danƙaruwa da Yadda Ake Auna Ta

Danƙaruwa ita ce yawan nauyin da ke cikin wani ƙayyadadden gurbi. Ana samun ta ne idan aka raba nauyin abu da girman gurbin da ya cika. A nan za a auna nauyi da kilo, gurbi kuma da lita. Ruwa shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi, domin lita guda ta ruwan sha kilo guda ce. Saboda haka idan aka ce danƙaruwar abu 2.7 ce, ana nufin lita guda ta wannan abu kilo 2.7 ce, wato ya ninka ruwa sau biyu da ɗoriya. Masana kimiyya sukan ƙara bambance yawan sinadarin da ke jikin abu da ƙarfin da ƙasa ke jawo shi da shi, domin abu guda yakan koma kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa a duniyar wata. Wannan bambanci bai shafi kwatancen da za a yi ba, tunda duk awon a doron ƙasa ake yin sa.

Auna nauyi abu ne mai sauƙi, sikeli ya wadatar. Wahalar tana wajen auna gurbin abin da ba shi da tsayayyar siffa, kamar dutse ko ɗan akuya. Dabarar da ake bi ita ce a nutsar da abin a mazubin da ya cika maƙil da ruwa, a tari ruwan da ya zube a auna shi. Ana jingina wannan dabara ga Arkimidis, masanin birnin Sirakus na tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Labarin kambin Sarki Hiyero na Biyu, wanda aka zargi maƙeri da gauraya zinarensa da azurfa, ya zo ne ta bakin Bitrubiyus, kimanin shekara 200 bayan mutuwar Arkimidis. Hujjar labarin ita ce danƙaruwar zinare 19.3 ce, ta azurfa kuma 10.5, don haka kambin da aka yi wa algus zai ture ruwa fiye da tsantsar zinare mai nauyi daidai da nasa.

Malaman Musulunci sun kyautata wannan awo ƙwarai. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya yi amfani da wani mazubi mai bututu a wuya ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja. Bayansa Al-Khazini ya kammala littafinsa Mizanul Hikima a birnin Marwa wajajen 1121, inda ya bayyana sikelin da ake auna abu da shi a iska da kuma cikin ruwa, ya jera sakamakon ƙarafa da duwatsu da abubuwa masu ruwa-ruwa.

3.0 Danƙaruwar Jikin Dabba

Jikin dabba tarin abubuwa ne mabambanta, kowanne da tasa danƙaruwar. Ga ƙiyasin da aka saba samu a dabbobi masu shayarwa, har da ɗan Adam:

(1) kitse: 0.9
(2) jini: 1.06
(3) tsoka: 1.06
(4) hauren giwa: 1.7 zuwa 1.9
(5) ɓangaren ƙashi mai tauri: kimanin 1.9
(6) farin ɓawon haƙori: 2.9 zuwa 3.0

Abin lura shi ne sassan da suka fi yawa a jiki, wato tsoka da jini da kitse, duk suna dab da 1.0. Dalili kuwa shi ne kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin babban mutum ruwa ne. Ƙashi ya fi su danƙaruwa nesa ba kusa ba, amma ƙasusuwan mutum gaba ɗaya ba su wuce kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa ba, kuma yawancinsu akwai rami da ɓargo a ciki. A ɗaya ɓangaren kuma akwai huhu cike da iska, wadda lita dubu nata ba su wuce kilo 1.2 ba. Idan aka haɗa duka, jikin mutum yakan tsaya a wajajen 1.05 in an cire lissafin iskar huhu, ya sauko ƙasa da 1.0 kaɗan in ya cika ƙirjinsa da numfashi.

Wannan ne ya sa mai iyo yake tasowa in ya shaƙi iska ya riƙe, yake kuma yin ƙasa in ya fesar da ita. Shi ne kuma ya sa mai ƙiba ya fi siriri mai tsoka sauƙin kwanciya a kan ruwa. Ruwan teku, saboda gishirinsa, danƙaruwarsa 1.025 ce, don haka iyo ya fi sauƙi a cikinsa bisa ga kogi. A Bahar Lut, da ke yammacin ƙasar Jodan, gishirin ya kai danƙaruwar ruwan wajajen 1.24, har mutum yakan kwanta a kai ba tare da ya motsa hannu ba. Haka nan mazauna bakin kogi sun san gawar dabbar da ruwa ya ci takan nutse da farko, bayan 'yan kwanaki ta taso. Nauyinta bai ragu sosai ba, iskar ruɓa ce ta kumbura ta, gurbin da ta cika ya ƙaru, danƙaruwarta ta sauko ƙasa da ta ruwa.

Daga nan za a fahimci cewa girman dabba ba shi da tasiri a wannan lissafi. Ɓera da akuya da raƙumi da giwa duk danƙaruwarsu tana kewayen 1.0, domin da abu iri ɗaya aka gina su.

4.0 Danƙaruwar Duwatsu

Su ma duwatsu iri-iri ne. Ga waɗanda aka fi sani a Nijeriya:

(7) giranit, irin na dutsen Olumo a Abeokuta da tsaunukan Jos, wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini: 2.6 zuwa 2.75
(8) basalt, baƙin dutsen da aman wuta ya bari, irin na tudun Biu: 2.8 zuwa 3.0
(9) dutsen laim da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina da Ashaka da Ewekoro da Nkalagu: 2.3 zuwa 2.7
(10) dutsen yashi: 2.2 zuwa 2.6

Idan aka ɗauki 2.7 a matsayin wakilin dutse, 1.0 kuma a matsayin wakilin jikin dabba, kwatancen zai fito fili. Sa mai kilo 400 yana cika gurbin lita 400, wato duro biyu na lita 200. Da za a sassaƙa gunkinsa da giranit, girma ɗaya siffa ɗaya, nauyinsa zai kai kilo 1,080. Mutum mai kilo 70 gunkinsa zai kai kilo 189. Toron giwa mai kilo 6,000 kuwa gunkinsa zai haura kilo 16,000. Idan aka juya lissafin, dutsen da ya yi nauyi ɗaya da wancan sa ba zai wuce lita 148 ba, wato ba zai cika ko duro guda ba.

Bambancin yakan ƙara tsananta a cikin ruwa. Ƙa'idar Arkimidis ta ce duk abin da aka nutsar a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Dutse mai lita guda yana ture kilo guda na ruwa, don haka daga kilo 2.7 sai ya koma 1.7, ya rage kimanin kashi 37 cikin ɗari ke nan, amma sauran ya isa ya kai shi ƙasa. Dabba kuwa kusan dukkan nauyinta ruwa yake ɗauke mata. Ga amsar tambayar ɗalibin da aka ambata a gabatarwa: giwa tana iyo ne domin ruwan da take turewa ya kai nauyinta, tsakuwa kuma tana nutsewa domin ɗan ruwan da take turewa bai kai rabin nauyinta ba.

5.0 Dalilin Bambancin

Komai a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma ƙwayoyin ba nauyinsu ɗaya ba. Idan aka ɗauki ƙwayar haidirojin a matsayin 1, ta kabon 12 ce, ta naitirojin 14, ta oksijin 16, ta alminiyum 27, ta silikon 28, ta kalsiyam 40, ta ƙarfe 56. Kimanin kashi 96 cikin ɗari na nauyin jikin mutum daga huɗun farko ne, wato marasa nauyin. In kuma ƙidayar ƙwayoyi za a yi, fiye da kashi 60 cikin ɗari haidirojin ne, wanda ya fi kowanne rashin nauyi. Ɓawon ƙasa kuwa, inda duwatsu suke, kimanin kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, kashi 28 silikon, kashi 8 alminiyum, sai ƙarfe da kalsiyam da sauransu.

Misali guda zai wadatar. Ƙullin ruwa ƙwaya uku ne, haidirojin biyu da oksijin ɗaya, jimillar nauyinsu 18. Ma'adinin kwaz, wanda shi ne mafi yawan yashi kuma yana cikin giranit, shi ma rukuninsa ƙwaya uku ne, silikon ɗaya da oksijin biyu, jimillarsu 60. Rukunin kwaz ya ninka na ruwa nauyi sau 3.3 ke nan, amma gurbin da yake ci ya ɗara na ruwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka raba 3.3 da 1.26 sai a sami kimanin 2.6, wadda kusan ita ce danƙaruwar kwaz. Wannan lissafi ya nuna wani abu da ya saɓa wa zato: yawan ƙwayoyin zarra a lita guda ta ruwa ya ɗara na lita guda ta kwaz. Fifikon dutse ya samo asali ne daga nauyin kowace ƙwaya. Za a dawo kan wannan batu a sashe na 7.0, domin yana da tasiri a kan zaɓin kalma.

6.0 Inda Iyakar Ta Gauraye

Bai kamata a ɗauka cewa duk abin da ke jikin dabba yana tsaye a 1.0 ba, ko kuma duk dutse yana nutsewa.

6.1 Dutse a Jikin Dabba

Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfaras, sauran kuma zaren furotin ne da ruwa. A ɓawon haƙori ma'adinin ya kai kashi 96 cikin ɗari, shi ya sa danƙaruwarsa ta zarce ta giranit. Ɓawon ƙwai da gidan katantanwa kuwa sinadarinsu ɗaya da na dutsen laim. Hasali ma yawancin dutsen laim tarin ɓawon halittun teku ne na zamanin da. A cikin kan kifi akwai wasu ƙananan duwatsu masu danƙaruwar wajajen 2.9 waɗanda da su yake ji. Tunda jikinsa da ruwa kusan danƙaruwa ɗaya suke, sauti yana ratsa shi ya girgiza shi tare da ruwan, amma duwatsun sai su yi jinkirin motsi, wannan saɓanin ne jijiyoyi suke kai wa ƙwaƙwalwa. Shi ma ɗan Adam yana da irin wannan garin dutse a can cikin kunnensa, da shi yake gane ko kansa a miƙe yake ko a karkace.

6.2 Dabarun Dabbobin Ruwa

Dabbar da ke zaune a ruwa tana bukatar daidaita danƙaruwarta. Yawancin kifaye suna da jakar iska a ciki, wadda takan ci kimanin kashi 7 cikin ɗari na gurbin jikin kifin kogi, kashi 5 a kifin teku. Kifin shak ba shi da ita, sai ƙatuwar hanta mai yawan mai. Wasu dabbobin kuma nutsewa suke nema. Ƙasusuwan ƙafafun dorina a cike suke fiye da na dabbobin tudu, shi ya sa take takawa a ƙasan kogi tana tunkuɗa jikinta sama. Ayu, wanda ake samu a kogin Binuwai da kogin Kwara, ƙasusuwan haƙarƙarinsa kakkaura ne kuma babu ramin ɓargo a cikinsu. Su ne suke rinjayar iskar huhunsa har ya iya kiwo a ƙasan ruwa. Kada yakan haɗiyi duwatsu. Masana sun kasu kan amfaninsu, wasu na cewa don niƙa abinci ne kamar tsakuwar da ke cikin ƙundun kaza da jimina, wasu na cewa suna taimaka masa wajen nutso.

6.3 Dutse Mai Iyo da Ƙashin da Ya Zama Dutse

Akwai dutsen da aman wuta ke fitarwa cike da ƙananan ramukan iska, kamar kumfar da ta daskare. Sinadarinsa ya fi ruwa danƙaruwa, amma shi da ramukansa a haɗe sau da yawa ba ya kai 1.0, don haka yakan yi iyo. A 2021 irin wannan dutse da ya fito daga wani aman wuta na ƙarƙashin teku ya toshe tashoshin jiragen ruwa a tsibirin Okinawa na Japan.

Akasin haka shi ne ƙashin da ya daɗe a binne har ma'adinan da ruwan ƙasa ke ɗauke da su suka cike ramukansa, ya zama dutse, nauyinsa ya zarce na sabon ƙashi mai girma ɗaya da shi. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an tono irin waɗannan ƙasusuwa masu kimanin shekara miliyan 110, ciki har da na wani ƙaton dangin kada da aka raɗa wa suna Sarcosuchus a 1966. A ƙasar Sakkwato ma an sami na wata dabbar teku da aka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo.

7.0 Matsalar Suna a Hausa

Hausawa sun daɗe suna aiki da wannan siffa. Mace mai rege shinkafa a ƙwarya ta san tsakuwa za ta kwanta a ƙasa. Mai sheƙa ta san iska za ta kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba. Mai sayen ƙwan zabi takan saka shi a ruwa, wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso ya lalace. Man shanu yana tasowa a kan nono, kitse a kan romo, masunta kuma suna hawa gora a Argungu. Ɗan kasuwa ya san mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba. Sanin yana nan, keɓantaccen suna ne babu. A dubi waɗannan jimloli:

(11) Giwa ta fi wannan dutse nauyi.
(12) Dutse ya fi giwa nauyi.
(13) Dutse ya fi auduga nauyi.

Jimla ta (11) tana da ma'ana ɗaya tak, domin mafayyaci ya keɓe dutsen. Ta (13) kowa zai fahimce ta a matsayin maganar jinsi. Ta (12) kuwa tana iya ɗaukar duka biyun. Ke nan abin da ke rarrabe ma'anonin yana jikin sunayen da ake kwatantawa, ita "nauyi" ba ta ɗauke da wata alama. Da ma kalma ce mai kaya da yawa, kamar yadda ake gani a jin nauyi da ɗaukar nauyi da nauyin baki da nauyin barci. Zai yi amfani manazarta su gwada irin waɗannan jimloli da wúwo ta Yarbanci da arọ ta Ibo da tushen tedd- na Fulfulde, wanda daga gare shi aka sami teddungal mai ma'anar girmamawa.

Parsons, a nazarinsa na 1955, ya nuna cewa nauyi tana cikin wani rukuni na sunaye masu bayyana siffofin da gaɓoɓi ke ji, irin su kauri da tauri da zafi da zurfi da faɗi. Dukkansu gaɓa biyu ne, ta farko nannauya, karin sautinsu sama-sama, suna ƙarewa da dogon wasalin i, kuma suna haifar da siffofi kamar nannauya da kakkaura da tattaura. A cikin wannan rukuni ya kamata a fara neman suna, amma biyun da suka fi kusa duk ba su tsallake gwaji ba. Tauri bai dace ba, domin dalma tana da laushi har farce yana iya yi mata zane, amma danƙaruwarta 11.3 ce, alhali lu'ulu'un daimon da ya fi kowane ma'adini tauri 3.5 yake. Kauri ma bai dace ba, domin man gyaɗa ya fi ruwa kauri amma a samansa yake tsayawa, zaiba kuwa tana gudana tsararo amma danƙaruwarta 13.6 ce, har dutse da ƙarfe suna iyo a kanta. A wajen rukunin akwai daskarewa, ita ma ta faɗi, domin ƙanƙara daskararriya ce amma 0.92 take, tana iyo a kan ruwan da ta fito daga gare shi.

Saura aro ko ƙirƙira. Kalmar Larabci ita ce kasafa, sai dai za ta yi karo da kasafi da kasafta, waɗanda suka riga suka kafu da ma'anar rabo. Aro daga Ingilishi, a ce densiti, ba laifi ba ne, tunda an aro kilo da lita, amma kalmar ba ta gaya wa ɗan aji huɗu komai, haddace ta kawai zai yi.

Danƙaruwa sunan aiki ne na danƙaru, aikatau na aji na bakwai a tsarin Parsons na 1960, daga tushen da ya ba da danƙara da danƙare da danƙararre. Aikatau na wannan aji yana nuna halin da abu ya kai gare shi sosai, kamar dafu da gyaru. Fa'idarta uku ce. Ta farko, yaro ya riga ya san ta, ya ga an danƙara auduga a buhu, ya ga buhun ya ƙara nauyi ba tare da ya ƙara girma ba, wanda shi ne ainihin ma'anar. Ta biyu, tana shiga ginin kwatance ba tare da gyara ba:

(14) Dutse ya fi giwa danƙaruwa, amma giwa ta fi wannan dutse nauyi.

Ta uku, tana da siffa a shirye, wato danƙararre, danƙararriya, danƙararru.

Tana da rauni biyu da ya wajaba a faɗa. Na farko shi ne kunnen Bahaushe bai saba jin ta a kan ruwa ko iska ba, don haka "danƙaruwar man gyaɗa" za ta yi baƙunta da farko. Na biyu ya fi muhimmanci: kalmar tana sa a zaci cewa matsatsin ƙwayoyi ne kaɗai ke kawo bambanci, alhali sashe na 5.0 ya nuna cewa tsakanin ruwa da dutse nauyin ƙwayoyin ne ya fi tasiri. Maganin wannan yana cikin ta'arifi. A riƙa cewa danƙaruwa ita ce yawan nauyin da aka danƙara a lita guda, kada a ce yawan ƙwayoyi. Kalmar Ingilishin ma daga tushen Latin mai ma'anar cunkoso ta fito, kuma ta'arifi ne ya tsare ta daga wannan kuskure.

8.0 Kammalawa

An ga cewa jikin dabba, ƙarama ko babba, danƙaruwarsa tana kewayen ta ruwa, ta yawancin duwatsu kuma tana tsakanin 2.2 da 3.0, kuma asalin tazarar shi ne nau'in ƙwayoyin zarrar da aka gina kowanne da su. An kuma ga cewa Hausa tana bayyana wannan siffa da kalmar nauyi, tana barin muhalli ya raba ma'ana, abin da ba zai wadatar a darasin kimiyya ba. Shawarar da aka bayar ita ce a bar nauyi ga abin da sikeli ke nunawa, a keɓe danƙaruwa ga nauyin kowace lita.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin ba ya bukatar kayan aiki masu tsada: bokitin ruwa da sikeli da dutse da tsokar nama da guntun kitse da ƙashi sun isa. A ba ɗalibai su auna, sannan a nemi su faɗi abin da suka gani da Hausa, a saurari ko jimla irin ta (14) za ta fito daga bakinsu ba tare da tuntuɓe ba. Idan ta fito, kalmar ta cancanci shiga littattafan firamare. Idan kuwa wata kalmar ce ta riƙa zuwa bakinsu a Kano da Sakkwato da Zariya da Bauchi, to ita ya kamata masu tsara ƙamus su rubuta.